Ashirin da Biyar ko Ɗari

Jawo kujerarka nan kusa, ka ba ni aron kunne, ka ji abin da kishi ya yi wa Baba Mai Kyamara.

Shekara ashirin da uku ya yi yana ɗaukar bidiyo a wani ɗan shago mai shuɗiyar ƙofa, tsakanin mai gyaran takalmi da kantin magani. Tun ana yayin kaset yake sana'ar, har aka zo zamanin memori ɗan mitsitsi kamar farce. Duk tsawon shekarun nan lamba ɗaya ya riƙe: ashirin da biyar. Wato kyamara ta ɗauki hoto ashirin da biyar a kowane sakan. "Haka idon ɗan Adam yake so," in ji shi, kuma ba ya son a ja.

Kwatsam wani matashi ya buɗe shago daidai gabansa, mutane suka laƙaba masa Na-Tsallake. Ya kafa ƙatuwar talabijin a taga, yana nuna yara suna tsalle cikin tafiyar hawainiya, ruwa yana zuba ɗigo-ɗigo kamar an roƙe shi. Sirrin ba wani mai zurfi ba ne: ɗari yake ɗauka a sakan, in an kunna sai komai ya tafi a sannu. Amma jama'a suka riƙa cincirindo. Baba kuwa yana bayan labule, wai yana goge gilashin kyamara, gilashin da ya goge sau huɗu tun safe.

Ko a gida bai tsira ba.

"Malam, ka kuwa ga yadda yaron nan yake tsayar da ruwa a iska?" in ji matarsa.

"To ki je ya tsayar miki da na tulunki."

Ana nan sai aka zaɓi jikarsa ta yi jawabin bankwana a makarantarsu. Uwar yarinyar, babbar 'yarsa, ta zo da labarin, tana ta sosa ƙeya.

"Baba, makaranta ta riga ta ɗauki Na-Tsallake. Kai ka je ka zauna a gaba, ka huta."

"In huta? Wa ya ɗauki ranar da ta fara tafiya? Wa ya ɗauki faɗuwar haƙorinta na farko? Shi?"

Jikar ta leƙo daga ɗaki. "Kaka, don Allah kar ka fito da ni kamar mutanen da."

"Ke amarya, rufe min baki. Za ki ga aiki."

Ranar ya kulle shago da wuri, ya shiga tonon cikin kyamara har ya gano inda ɗari take. Ya gwada da fanka, ya gwada da kyanwar maƙwabta tana dirowa daga katanga. Abu ya yi kyau har ya yi dariya shi kaɗai. Akwai wata 'yar alama a kusurwar allo, makirfo da aka ja wa layi, amma tabaransa yana gida, sai ya ɗauka ƙura ce.

Ran taro ya kafa kyamararsa taku biyu a gaban ta Na-Tsallake, da gangan. Matashin ya rusuna. "Barka da zuwa, Baba." Ya amsa da hanci. Yarinya ta hau mumbari, ta yi jawabi har malamai suna share ido, a ƙarshe ta ce ta gode wa kakanta da bai taɓa bari wata rana tata ta ɓace ba. Baba ya ji, ya ƙara manna idonsa a kyamara.

Da la'asar iyali suka cika falo, aka kunna. Ga yarinya fes, gefen rigarta yana kaɗawa a hankali, bakinta yana buɗewa yana rufewa kamar kifi a kwalba. Babu murya. Aka ƙure ƙara, shiru. Ashe kyamararsa in ta hau ɗari ba ta ɗaukar sauti, fanka da kyanwa kuwa ba su da jawabin da za su tona masa asiri.

Jikar ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Cewa kawai ta yi, "Kaka, har wurin da na ambace ka?"

Uwarta ta yi gyaran murya. "Na tambayi Na-Tsallake da muna fitowa. Nasa ya fita da murya tsaf. Wai a ashirin da biyar ya ɗauka. Ya ce ai magana ba ta son gudu, kuma a bidiyoyinka ya koya, tun yana yaro yana leƙen tagar shagonka. Ya ce in kana so, ka je da kanka ka karɓa."

Baba ya ji kamar an sara shi an kuma shafa masa mai. Lambarsa ce fa, tasa ta shekara ashirin da uku, wani ya ɗauka ya yi abin kirki da ita.

Washegari ya sa hularsa mai kyau, ya tsaya a bakin titi da memori a tafin hannu. Motoci suka wuce, hanya ta buɗe, ya ƙi motsi. Ta sake buɗewa. Daga tsallake matashin ya hango shi, ya fito da kujera ya ajiye a ƙofa.

To kai da ka san zafin a fi ka a abin da ka iya, taku goma ne tsakaninsa da muryar jikarsa. Da kai ne, a buɗewar hanya ta nawa za ka tsallaka?