Bashar da rijiya ta biyu

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Bashar ya rasu.

Da safiyar yau labarin ya same ni. Ina shirin shiga wanka yayansa ya kira, ya ce an yi rashi, jana'iza ƙarfe sha ɗaya a gidansu da ke Ƙofar Atiku. Yanzu muka dawo daga maƙabarta, ko hannu ban wanke ba nake wannan rubutun.

Ga waɗanda ba su san shi ba, abokina ne, ajinmu ɗaya, shekarar ƙarshe a sashen nazarin ƙwayoyin cuta. Malami ɗaya ke duba mana furojet. Saura mako biyu mu yi difens, wato mu kare furojet ɗin a gaban malamai.

Kuma ba ciwo ya yi ba. Kashe shi aka yi.

Mutane ne suka taru a kansa da sanduna da duwatsu a bakin rijiya ranar Litinin, don ya je ɗibar ruwa a kwalba. Kwana uku ya yi a asibiti.

Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba. Yana can gaba da Kwalkwalawa, iyakar abin da za ku ji daga gare ni ke nan. Don Allah a daina bi na ta waya ana tambaya.

Furojet ɗinsa a kan ruwan rijiya ne. Rijiyoyi uku na ƙauyen zai ɗebo da rani ya gwada a lab, ya sake ɗebowa da damina, ya ga wacce ke da cuta. Tun ranar da ya zaɓi aikin na ce ya jawo wa kansa wahala. Ni nawa a kan ganyen zogale ne, zogalen ma a bayan ɗakinmu yake. Na ce masa, Liman, haka nake kiransa don tsokana, ga famfo nan, cika kwalba uku ka rubuta ta ɗaya, ta biyu, ta uku, wa zai bi ka ƙauye ya duba? Ai ba a kanmu farau ba.

Ya yi dariya ya ce, "Kai Lawali, ba ka tsoron Allah. To in nay yi haka, masu shan ruwan hwa?"

Haka yake. Ba ya yi maka wa'azi, tambaya ɗaya zai yi maka ka ji kunya ta kama ka.

Lokacin da gwajina ya lalace sau biyu, saboda gaggawata ba don komai ba, shi ya bar mini layinsa na tukunyar dafa kayan lab, ya koma ƙarshe. Ya wanke mini farantan gwaji ba sau ɗaya ba, yana wankewa yana zagina da cewa hannuna na cin tuwo ne kawai. Rigar lab ɗin da nake sawa ma tasa ce, tawa ta ɓata tun muna aji biyu. Duk ranar Litinin idan ya dawo daga gida sai ya zo da ƙullin dambun nama, ya ce inna ta ce a ba maƙwabcin nan nasa maras nauyi.

Zuwan farko, da rani, ni na kai shi a mashin ɗina. Ƙofar mai gari muka fara zuwa. Muka tube takalma muka yi gaisuwa, Bashar ya nuna takardar makaranta ya yi bayani dalla-dalla. Mai gari ya haɗa mu da ƙanensa, shi ya riƙa shiga gaba yana gaya wa mata cewa baƙin mai gari ne. Har fura aka dama mana. Haka ake yi, ba a shiga garin mutane a zarce rijiyarsu kai tsaye.

Da sakamako ya fito, rijiya ta biyu, wadda ke gangaren bayan gari, farantanta sun cika da irin ƙwayoyin da ke fitowa daga bayan gida. Malaminmu ya ce gwaji ɗaya ba hujja ba ne, a jira na damina kafin a tayar wa mutane hankali. Bashar bai so ba, amma ya yi biyayya.

Ranar Lahadi ya ji labarin amai da gudawa sun ɓarke a ƙauyen, har an rasa yara. Ya kira ni ya ce gobe da sassafe mu tafi. Na ce ina da gyaran babi na huɗu wurin mai buga takardu a Gidan Igwai, a bari sai Laraba. Ya ce ba komai, in yi aikina.

Gyaran babi na huɗu. Abin da ya hana ni raka shi ke nan. Da na sani ƙeya ce.

Ya hau kabu-kabu ya tafi shi kaɗai. Mai kabu-kabun ne ya ba mu sauran labarin, shi ma da ɗinki a goshi.

Sun tarar mai gari da ƙanensa da kusan duk magidanta suna gona. Aka ce su jira zuwa azahar. To ruwan gwaji ba ya jira, dole ya shiga lab cikin 'yan sa'o'i, janaretan lab kuma sha biyu ake kashe shi. Bashar ya ce ai an san shi a garin, ya wuce rijiya. Bai san kwana biyu ana ta raɗe-raɗin cewa wani ne ke zuwa yana zuba guba a ruwa ba.

Ku duba abin da suka gani. Baƙo ya rufe fuska da takunkumi, ya sa safar hannu, ya kunna wuta a auduga yana gasa bakin kwalba, sannan ya zura ta cikin rijiya da igiya. A wurinmu wannan shi ne ƙa'idar aiki, don kada wata ƙwaya ta shiga daga waje. A wurin matar da ta rasa ɗanta shekaranjiya kuwa, ga mai gubar nan Allah ya kawo.

Ta yi ihu.

Dutsen farko a ƙeya ya same shi. Ya cire takunkumin, ya ɗaga katin makaranta yana faɗin sunansa da sunan mai gari. Wani ya saukar masa da taɓarya a kan hannun da ya ɗaga, hannun ya karye. Ya faɗi. Suka rufe shi da duka, wasu da ƙotar fartanya, wasu da ƙafa, suna tattaka shi a cikin caɓin bakin rijiyar. Har wani ya fara kiran a kawo fetur. Mai kabu-kabu ya shiga rabo aka fasa masa goshi, ya kwasa a guje zuwa gona. Mai gari ne ya zo da gudu, tsoho da shi, ya faɗa a kan Bashar ya rufe shi da jikinsa. Sai a lokacin suka tsaya.

Waɗanda suka dama mana fura. Wallahi duk lokacin da na tuna wannan sai in ji kamar ƙirjina zai fashe.

Jiya da la'asar na gan shi ganin ƙarshe. Fuskarsa ta kumbura har ban gane shi ba sai da ya yi magana, ido ɗaya kawai ke buɗewa. Na fara neman gafararsa a kan rashin rakiya, ya motsa yatsa alamar in bari. Sai da na kai kunnena bakinsa sannan na ji.

"Rijiya ta biyu ta, Lawali. Ka tai ka hwaɗa musu su bar shan ta, ko su tahwasa. Kak ka jira difens."

Na ce mutanen da suka yi maka wannan?

Ya ce, "Ɗiyansu ka mutuwa."

Ban ce to ba. Na fito ina huci, na ce a raina su sha, su ƙare. Allah na tuba, amma haka na ce.

Na san abin da ake shiryawa a guruf ɗin ajinmu. Na ga masu cewa a tara gora da galan ɗin fetur a tafi ƙauyen. Ni ma da safen nan na rubuta sunan ƙauyen, yatsana na kan turawa, sai na goge. Ba don na huce ba. 'Yan sanda sun kama wasu, a bar su su yi aikinsu.

A maƙabarta, bayan an watse, na durƙusa gaban mahaifinsa na gaya masa maganar jiya, na kuma gaya masa ban je ba. Malam mutum ne da ya koyar da rabin unguwarsu karatu, yau shi ya sa ɗansa a kabari da hannunsa. Ya dafa kafaɗata.

"Amana ta yab bar maka, ɗana. In kunka ƙone garin, wa za ka hwaɗa ma? Gobe in munka yi asuba ka zaka ka ɗauke ni, tare za mu."

Na ce Baba, masu ta'aziyya fa? Ya ce za su tarar da yayyensa.

Don haka gobe zan je. Za mu fara da ƙofar mai gari, mu tube takalma, mu yi gaisuwa. Daga nan in tsaya gaban mutanen da suka kashe abokina, har da matar da ta yi ihu, in roƙe su su daina ba 'ya'yansu ruwan rijiyar gangare. Ban yafe ba. Ba zan yi muku ƙarya ba, ban yafe ba, kuma ban san yadda zan kalli fuskokinsu ba. Amma kwana ɗaya na riga na ɓata, kuma jiya ma an sha ruwan.

Ya Allah Ka jiƙan Bashar, Ka karɓi shahadarsa, Ka haskaka kabarinsa, Ka shayar da shi daga tafkin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ka ba Malam da inna haƙuri. Ka jiƙan yaran da aka rasa a ƙauyen, Ka tsare waɗanda suka rage.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi masa addu'a ko da Ƙulhuwallahu uku ce. Ni ma ku sa ni a ciki, Allah ya riƙe mini harshena da hannuna gobe har in isar da saƙonsa.