Rabi Ta Jira Ni Shekara Uku

Sakkwato zuwa Illela

Ranar Lahadi ana sallame sallar asuba na saɓi jakata sai tasha. Suna za ni Illela, an yi wa ƙanena Ilu haihuwa. Ilu ɗan ƙanen babana ne. Asalinmu wani ƙauye ne bayan Konni a ƙasar Nijar. Babana ya ƙetaro tun yana saurayi, ni a Sakkwato aka haife ni, har na samu aikin akawu a wani ofishin ilimi. Shi kuwa Ilu shekara huɗu ke nan da ya kwaso iyalinsa ya zauna Illela, yana facin tayar babura.

Shida da kwata mota ta cika, dubu uku da ɗari biyar kowa. Muka wuce Kware, bakwai da minti ashirin muka tsaya Gwadabawa aka sha koko da ƙosai. A shingen ƙarshe jami'in shige da fice ya leƙo.

"Akwai baƙo?"

Direba ya ce, "Yallaɓai, wagga hanya wa ab baƙo? Duk dangi na."

Aka yi dariya. Ni kuwa tuni na zaro katin aikina, ba wanda ya tambaye ni. Halina ne, ba na son a ko tuna inda babana ya fito.

Illela

Takwas da rabi muka sauka, kilomita tamanin da 'yan kai. Ranar kasuwa ce, 'yan canji sai kiran sefa, kuɗin Nijar, suke yi. Ɗan kabu-kabu ya kai ni ƙofar Ilu a babur, ɗari uku. Na tarar an raɗa suna, ana rabon goro. Aka shimfiɗa mini tabarma a zaure, wata yarinya doguwa ta durƙusa ta ajiye mini fura. Rabi ce, babbar 'yar Ilu.

Na ce, "Kai, Rabi an girma! Aji nawa yanzu?"

Ta sunkuyar da kai. Ilu ya yi ƙasa da murya. "Yaya, ai kai muke jira."

"Jiran mi?"

"Ka ce kar in kai ta sai ka zo."

Na ajiye furar. Shekara uku da suka wuce ya kira ni a waya, yana son sa ta makaranta. Na ce masa kul, za su nemi takardar haihuwa da ta asali, ya tona wa kansa asiri, ya bari sai na zo. Ban bincika ba. Gaskiyar magana, tsoro nake kada a ce ɗan'uwan wane na ofis ɗan Nijar ne. Na ajiye waya na manta.

A gidanmu kuwa ƙane ba ya tsallake maganar wansa, ba ya kuma tuna masa kai tsaye, sai ta gefe. Kowace Sallah Ilu zai kira ya ce, "Rabi tana gaishe ka." Ni kuma in ce ina amsawa. Ashe roƙo ne yake yi, ni ina ɗaukarsa gaisuwa. Tuwon gero da miyar kuka aka kawo da rana, loma biyu na iya yi.

Makaranta

Litinin takwas saura kwata muka isa firamaren unguwarsu, ni da Ilu da Rabi. Na shirya jawabi a raina, katina a hannu. Hedimasta wani dattijo ne mai farin gemu, ko kallon katin bai yi ba.

"Ina kuke zaune?"

"Bayan kasuwar dabbobi," in ji Ilu. "Amma Malam, can ƙetare anka haihe ta, ba mu da takarda."

"To sai mi? Yaron da ke kwana garin nan namu na. Ana rubuta shi, takarda ta biyo baya. Ga shi can an ce hakanan."

Ya nuna bango. Wata tsohuwar sanarwa ce manne, ta yi ja don daɗewa, tana cewa kada a mai da yaro gida don iyayensa baƙi ne. Na matsa kusa. Hatimin ofishinmu ne a ƙasanta, wanda ke kwana a aljihun teburina. Ni nake buga shi, ba na karanta abin da nake buga wa.

Minti biyar aka gama. Rabi tana karanta Alƙur'ani tsaf, amma boko ko baƙi ɗaya, don haka aji ɗaya aka ce. Ta taga na ga an zaunar da ita a bencin baya, 'yar shekara sha ɗaya cikin 'yan shida, gwiwoyinta sun ƙi shiga ƙarƙashin tebur. Yara suna waigowa suna ƙyalƙyata dariya, ita kuwa ta riƙe fensir da hannu biyu.

Hedimasta ya rufe rajista ya dubi Ilu da faɗa. "Bawan Allah, mi ya hana ka kawo ta tun da wuri? Wa ya ce ka jira?"

Na buɗe baki. Ilu ya riga ni.

"Sakacina na, Malam. Ba kowa."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Kuma na bar shi ya sha faɗan.

Komawa

Sha ɗaya ya raka ni tasha, ya karɓi jakata ya riƙe, yana ta godiya wai albarkacina aka karɓe ta. Na ce, "Ilu, ba don ni aka ɗauke ta ba. Ni na hana ta shekara uku."

Ya ce, "Haba Yaya, bari hwaɗin haka. Ai ka zo."

Ɗaya da rabi na shigo gida lafiya. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa hedimastan da ban ko tambayi sunansa ba. Ilu kuwa har yau ban san da wane baki zan gode masa ba.