Filashar Hajiyar Laburare

A shekarata ta ƙarshe a jami'a, bincikena a kan kaskar da ke addabar shanu ne a gefen dajin Kamuku. Littattafan da ke kan kantocin laburare duk sun girme ni, sai malamina ya tura ni ɗakin kwamfuta na laburare, inda ake karanta mujallun bincike ta intanet.

Wata Hajiya ce ke kula da ɗakin, gajeriya, ga faɗa kamar ta ari baki. Ta nuna mini yadda ake nema, na samu maƙaloli jingim. Ni kuma mai wayo, sai na kama kwafe adireshinsu a waya, wai in na tashi buƙata in buɗe.

Ta zo ta tsaya a kaina. "Ɗana, daga wane gari kake?"

"Birnin Gwari, Hajiya."

"To, sauke su duka, ɗaya bayan ɗaya."

Ta jawo aljihun tebur ta miƙo mini filasha. Ga intanet na tafiyar hawainiya. Na yini ina saukewa, ina ƙunƙuni a zuci, ina cewa matar nan ta cika sa ido.

Na tafi gida Sallah da niyyar kwana huɗu. 'Yan bindiga suka tare hanya, motoci suka daina fita, aka kuma yanke sabis. Adireshin nan da na tara ko ɗaya bai buɗu ba. In ban miƙa babi na biyu kafin ƙarshen zango ba, sai maimaita shekara, Baba kuwa ya riga ya gaya mini gona ba ta shiguwa, ba zai iya ɗaukar nauyin wata shekarar ba. Na ji tsoro ƙwarai.

Filashar nan ce ta fitar da ni. Kullum in kai kwamfutata wurin mai caji da sola a unguwar Magajin Gari, in dawo gindin darbejiyar ƙofar gidanmu in yi ta karatu ina rubutu. Ranar da hanya ta buɗe, babin yana jakata.

Da malamina ya sa hannu, na nufi laburare. Na durƙusa ina zuba godiya, Hajiya ta ce, "Tashi, ka tare mini hanya." Ta karɓi filashar, ta goge da bakin mayafi, ta mayar aljihun tebur. A nan na hango 'yan'uwan filashar sun cika gwangwanin alewa. Har yau ban san yadda zan saka wa matar nan ba.

Kafin in kai ƙofa, na ji muryarta a kan wata ɗaliba: "'Yata, daga wane gari kike?"