Maɗorin da Ya Ƙi Ɗori

Kafin motar ma'aikata ta iso, Baba Mato ya riga ya gama zagayensa. Haris ne, wato mai gadi, a wani gini da ake tayarwa a unguwar Safa ta Jidda. Gadin ƙofa kawai aka ɗauke shi, amma wa zai gaya masa? Yana sallame asuba zai ɗauki guduma ya bi katakai yana lanƙwasa duk ƙusar da ta ɗago kai. Rodin da ya yi tsini ya kifa masa gorar ruwa. Ya girgiza siƙala, ƙarafan da magina ke takawa su hau, in ta yi motsi ya ɗaura mata jan tsumma. Sannan ya dafa shayi ya zauna jiran wanda zai shigo ba hular kwano.

"Kai, mutumin Tawa! Kan naka na aro ne?"

Yanzu da tsufa ya zo zai koma gida Mirriya, ya kamata a faɗi abin da ya fi wannan.

Mato ɗan maɗora ne gaba da baya. Shekarun baya, duk Bahaushen da ya faɗo a wurin gini, daga Bani Malik har Sharafiyya, ɗakinsa ake kai shi, don mutanenmu akwai kunya, akwai dauriya, ga tsoron kafili, ubangidan da takardun zaman mutum ke hannunsa. Ana haka aka kawo masa wani birkila, Na'ibi, hannu a karye. Ya ɗora, ƙashi ya haɗe sumul, amma jijiya ta mutu, hannun bai ƙara ɗaga bulo ba. Da Na'ibi ya je neman haƙƙinsa aka tambaye shi: wane likita ya gan ka? Ina shaidar a wurin aiki ka faɗi? Ɗorin ya yi kyau har ya shafe shaida. Haka ya koma gida hannu Rabbana. Tun ranar Mato ya rantse ba zai ƙara taɓa karayar wurin aiki ba.

Rantsuwa da baki ba wuya. Saleh, direban kamfanin, haifaffen Jidda, yana wurin ranar da aka gwada ta. Gab da la'asar katako ya zame da Abdoulaye, mai filasta daga Chadi, ya faɗo ƙafa ta lanƙwashe. Abokansa suka yi abin da aka saba. Suka wanke masa siminti, suka sauya masa riga, suka kinkime shi zuwa ɗakin gadi. Muraƙib, mai kula da ma'aikata, ya leƙo ya ce in ta kai ga asibiti a ce a banɗakin masauki ya zame.

"Baba, don Allah ɗora ni," in ji Abdoulaye, zufa na zuba. "In kamfani ya ji, tikitin komawa gida zai yankar min. Yarana fa?"

Mato ya durƙusa ya dubi ƙafar. Ido kawai ya gaya masa inda ƙashin yake, yatsunsa har ƙaiƙayi suke. Sai ya mayar da hannuwansa baya ya haɗe su.

"Wa ya wanke shi? Ku ɗauko rigar aikinsa ku mayar masa! Ɗana, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Saleh, kira motar asibiti."

"Halas, ya ammi, na kira. Yalla, ku ba shi iska!"

Muraƙib ya matso ya rage murya. "Kai ma iƙamarka, takardar zamanka, a hannun kamfani take."

"Na sani," in ji Mato. Ya juya ga Abdoulaye. "In likita ya tambaye ka, ka ce isabat amal, raunin aiki. Ka faɗi ginin, ka faɗi katakon. Kana da iƙama, kana cikin ta'minat, inshorar ma'aikata. Haƙƙinka ne, ba roƙo ba ne."

Ana ɗaga shi Abdoulaye ya dubi Mato ya ce, "Allah ya isa, Baba." Wallahi maganar ta soki tsohon. Saleh ya ce ranar Mato bai ci abinci ba. Da tsohon ya kai fura asibiti, Abdoulaye ya juya fuska bango. Wasu a masauki suka ce tsufa ya mayar da Mato mugu, ya ƙi gadon ubansa.

To, ƙashin ashe ya farfashe, sai da aka sa ƙarfe. Ta'minat ta ɗauki nauyin magani, ta riƙa ba shi abin da ya tura wa iyali yana kwance, aka kuma biya shi diyyar ɗingishin da ya rage. Tikitin da yake tsoro bai zo ba. Mato kuwa aka ɗauke shi aka jefa shi wani fili bayan gari, ba inuwa ba ruwan sanyi, ya je ya ci gaba da lanƙwasa ƙusoshinsa.

Baba Mato, kai ne ka iya abu ka bar shi don wani ya tsira. Kai ne ka sha "Allah ya isa" daga bakin mutumin da kake ceto, ba ka rama ba. Mato ɗan maɗora, mu dai muna alfahari da kai, mun gode.

Ku da kuke kan siƙala yau, ku ɗauki darasi. Wanda ya faɗi kada a ɓoye shi, kada a koya masa ƙarya. A kai shi asibiti, a sanar da kamfani nan take, in an yi gardama akwai ofishin ƙwadago.

Juma'ar da ta wuce aka yi wa Mato walimar ban kwana a Bani Malik. Ana cikin cin shinkafa Abdoulaye ya shigo yana ɗingishi. Ya durƙusa da ƙyar, ya kama hannuwan tsohon biyu ya ɗora a kansa.

"Baba, na janye maganata, ka yafe min. Duk hannun da ya taɓa ni ranar nan, babu wanda ya taimake ni kamar wannan da ya ƙi."