Filafilin Kawu

Warin kwalta da jiƙaƙƙen katako na jiragen da ke ɗaure a Kornish, bakin tekun Doha, shi ke mayar da ni Yawuri. Haka kwalekwalen kawuna yake wari idan ya gama liƙe shi kafin damina.

A hannunsa na tashi bayan rasuwar mahaifina. Shi ke haye da mutane kogi ranar kasuwa, shi ya fara damƙa mini filafili tun ban kai tsawonsa ba. Kawu ba ya yabo. In na nutsa filafili daidai, gyaran murya kawai zai yi. In na fantsama masa ruwa kuwa, sai ya ce, "Kai, tuƙi kake ko wanki?"

Wannan hannun da ya gyara ne ya kai ni tseren jirage, har na ciyo lambobi, har na samu aikin koyar da matasa tuƙi a Doha. Ranar da aka nuna masa ni a waya, ya yi dariya har da tari. Ka san mu 'yan tsere baya muke ba wa inda za mu. Ya ce, "Wane irin matuƙi ne ba ya kallon gabansa?"

Lokacin korona idonsa ya tafi. Ya sa ɗansa ya kira ni, ya ce abu ɗaya yake so: in zo in haye da shi kogi, ya ji yadda hannuna ya zama. A lokacin ina kulle a ɗaki a unguwar Al Wukair ina jan injin motsa jiki, babu jirgin sama, uzurina na gaskiya ne. Amma hanya ta buɗe, na ce sai yaran da nake koyarwa sun gama gasa. Sai ga gasar ƙwallon duniya, gari ya cika, na ce masa, "Kawu, da an tashi ƙwallo ina nan tafe." Ya yi gyaran murya. Ba a tashi ba ya rasu.

Ɗansa ya ce ya bar mini filafilinsa, wai kada kowa ya taɓa, mai shi yana hanya. Abin yana cin raina, ba zan ɓoye maka ba. Kullum da safe nakan shiga jirgi in ja, idona a kan gaɓar da na baro. Filafilin yana can Yawuri jingine a soro, har yau na kasa zuwa in ɗauko.