Fentin Ƙofar Gidansu

Daga teburin mai shayi nake hango shi, a lungun bayan kasuwar kifi ta Tagazut, wani gari na bakin teku. Dogo ne busasshe, gemu duk furfura. Allon hawan igiyar ruwa na kwance gabansa, yana jan buroshi daga kai zuwa gindi, ƙaron da ake yi wa allo shafin ƙarshe da shi na malala kamar zuma. Ko ƙuda ya matso sai ya sha harara.

Sai ga shi da hannunsa yana zaro ɓawon shuɗin fenti daga aljihu, bai kai farce ba. Ya ɗora wajen kan allon, ya rufe da ƙaro.

Mai shayi ya leƙa, ya kira shi da Dda, yadda ake girmama dattijo a can. "Dda Lahsen, kai da ko ƙura ba ka yarda da ita? Mene ne wannan?"

"Fentin ƙofar gidanmu ne," in ji shi, bai ɗago ba. "Allon na ɗan mai otal ne."

Ban san mutumin ba, amma na san otal ɗin, na kuma san gidajen masunta da ke wurin kafin katafila ta bi ta kansu. Ina jin a ɗayansu aka yanke masa cibiya.

"Ai yaron zai gani," in ji mai shayi.

"Ya gani mana! In zai kankare, sai ya lalata allon. In ya bari, duk safiyar da ya kwanta a kai zai shiga teku, goshinsa na ƙasa a ƙofar ubana."

Ya ƙara shafawa a hankali, har wurin ya fi ko'ina ƙyalli.