Sikon ɗin Kulu da Hannun da Ya Ƙi Zama

Shekara tara ke nan da rasuwar ƙanwata Hauwa'u, wadda duk Ƙauran Namoda aka fi sani da Kulu. Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta. Na kan yi wannan addu'a in yi murmushi, don a duniya dai ban taɓa ganin ta huta ba. Mace ce da ba ta da zama. Tana gaishe ka tana ɗaura ɗankwali, kafin ka amsa ta kai zaure.

A bana, tunawa da ita ta hana ni sukuni, kuma ɗiyarta Nafisa ce sanadi. Ni na riƙe ta tun rasuwar uwarta a Shinkafi, ga shi bayan Sallah za a kai ta ɗakinta a Zurmi. Da muka zauna maganar kayan ɗaki, sai ta ce, "Inna, abu guda nika so. Ki koya min sikon ɗin mamata kafin in tafi." Yadda hanyar Zurmi ta koma, ba a zuwa don marmari. In ban koya mata yanzu ba, yaushe? Kuma ga gaskiyar da duk gidanmu aka sani: ban iya ba.

Ga wanda bai san sikon ba, wani ɗan gashi ne na fulawa, tsakanin burodi da biskit, bayansa da ƙarfi kaɗan, cikinsa laushi. Kulu ta koya tun muna 'yan mata, wurin wata 'yar Kudu, matar ma'aikacin jirgin ƙasa da ke zaune kusa da tasha. Matar da hodar bekin-foda da madarar gwangwani take yi. Kulu ta dawo gida ta mai da shi namu: nono mai tsami, ɗan ruwan kanwa, da man shanun da ya daskare a gindin randa. Rabi ta sa sukari, rabi ta yanka albasa da tattasai, in an yi sa'a har da dakakken kilishi. Ta yanke da bakin gwangwanin tumatir, ta jera a faranti cikin tukunyar da aka shimfiɗa wa yashin gulbi, garwashi ƙasa, garwashi bisa murfi. Maƙwabta sai su yi ta aiko yara tambayar ko lafiya, alhali ƙamshi ne ya kawo su.

Ni kuwa, mai taƙama da tuƙin tuwon da ba ya gudaji, duk ranar da na gwada sai ya fito kamar dutsen guga. Mai gidana, Allah Ya saka masa, ya taɓa cewa in adana su don jifar awaki. Kulu ta kan yi dariya har da riƙe ciki. In na ce ta tsaya ta nuna min a tsanake, sai ta ce, "Yaya, ba abin nunawa, ki haɗa kawai ki ƙyale shi." Ni kuma in ce gaggawa aikin shaiɗan ce, sannu ba ta hana zuwa. Kullum ina yi mata faɗan kwaɓinta duk kaushi, kamar aikin raguwa.

Na kan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yau. 'Yan matan kwalejin kimiyya na kallon girki a waya, suna gashi da gas, su ɗauki hoto kafin su ɗanɗana. Ina jin wannan zai burge ta, don Kulu ba ta ƙin sabon abu. Abin da zai sa ta kuka daban ne. Bafillatanar da ke kawo mana nono daga wajen Dauran ta daina zuwa, ba mu san inda suka yi ba. Dangin mijin Kulu na Galadi sun watse cikin garuruwa. Ita da ke hawa mashin daga Shinkafi da kwanon sikon a cinya don kawai ta ga lafiyarmu, yau da wace hanya za ta bi? Kai, wani lokaci har na kan ce gara da ba ta gani ba, sannan in yi istigfari.

Makon jiya dai na daure na sa Nafisa a gaba. Na samo nono da ƙyar, na auna komai yadda na tuna, na murza kwaɓin nan har ya yi santsi, na gasa. Dutse! Na sake. Dutse! Na zauna bisa turmi hawaye na zuba, don na ga abin Kulu zai mutu a hannuna.

Saura ɗan fulawa a kwano. Ƙawayen Nafisa na ƙofar gida cikin Keke Napep suna jiran ta su je wurin tela, sai sallama suke ƙwalawa. Nafisa ta ce, "Inna, bari in haɗa wanga kada ya lalace." Ta murtsuke man da yatsu, ta zuba nono, ta juya sama-sama, ta tattara shi da kaushinsa ta yanke. Na buɗe baki zan ce ta murza mana, haka ake aiki? Tuni ta ja mayafi ta kai zaure.

Haka nan na jera su a tukunya na gasa. Da na ɗaga murfin, sai da na yi salati. Sun tashi, sun tsage ta gefe, ƙamshin nan na gidanmu na da ya cika tsakar gida. Ashe sikon ba ya son murza. Mu da muka tashi da muciya a hannu, mun ɗauka komai sai an ba shi wuya yake kyau. Kulu ta faɗa min gaskiya tun farko, ni ce na ɗauke ta wasa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Kulu ba ta bar gida ko gona ba, tukunyarta ma ta huje. Na daɗe ina jin tsoron ba abin da ya rage nata sai labari. Da Nafisa ta dawo, ta ɓara ɗaya ta kai baki, sannan ta ce, "Inna, mi kika canza?"

Na ce ban canza komai ba, ɗiyata. Je ki Zurmi, ba abin da zan koya miki. Uwarki ta riga ni.